Faifan Gumsu, Sunan 'Yar'azumi

Duk wanda ya san Gumsu matar Badamasi masunci, ta ƙauyen Tudun Ari, can gabas da Kirikasamma inda hanya ke shigewa cikin ciyawar kacalla, ya san abu biyu game da ita. Ba ta iya zama haka kawai, ko gaisuwar mutuwa ta je za ka ga yatsunta suna motsi a kan cinyarta kamar suna laluben kaba. Sannan ba a taɓa jin ta yabi kanta ba. A baki ke nan. A cikin ranta kuwa ta daɗe da yanke hukuncin cewa daga Haɗeja har ƙarshen fadama babu macen da ta kamo ƙafarta a ɗinkin faifai, kuma ni dai ban ga ƙarya a wannan hukunci ba.

Ta ba hamsin baya da 'yan shekaru. Kakanninta daga bakin tafkin Chadi suka taso suna bin ruwa da kifi, har suka yada zango a nan. Yarensu na Barbarci ya zube musu a hanya, sai 'yan gaisuwa da sunaye suka rage. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya, ita ta damƙa mata basilla tun tana 'yar shekara bakwai, ta koya mata yadda ake tsaga kaba, a rina ta, a naɗe ta a jikin ciyawa ana zagayawa daga cibiya zuwa baki. Ta kuma koya mata wani abu da ya fi ɗinkin zama a jikinta. Idan aka miƙo miki abu, in ji Iya, ki ce a'a. Idan aka sake, ki ce ai da an bar shi. Sai a na uku za ki sa hannu biyu ki karɓa. Haka Tudun Ari take tafiya har gobe, ko tuwo ne ko tabarmar zama. Mai bayarwa ma ya san aikinsa, ya san ba a tsayawa a tayin farko.

Gumsu tana da ƙanwa ɗaya, 'Yar'azumi, shekara tara ne tsakaninsu. Ita ta goya ta, kuma da Iya ta rasu ita ta ƙarasa rainonta, ta koya mata sana'ar. Aure bai raba su ba, domin a unguwa ɗaya suka zauna, danga ce kawai a tsakani, dangar ma da kafa wadda suke ratsawa ba sallama. Hannun 'Yar'azumi ba laifi, faifanta ba ya jin kunya a kasuwa. Amma ita baiwarta a harshe take. Idan tana ba da labarin yadda akuya ta shiga mata ɗaki, sai mata su manta da tukunya a kan wuta.

Shekarar da ruwa ya karya jinga ya cinye rabin gari, mutanen Tudun Ari sun yi kwana arba'in da wani abu a makarantar firamaren da ke kan tudu. Abin da Gumsu ta iya fitarwa bai wuce tukwane biyu da damin kabar da ta rina shuɗiya ba, shi ma damin sai da ya kwana uku rabinsa a cikin ruwa kafin Badamasi ya ciro shi da kwalekwale. Da ta kwance shi sai ta tarar ya lalace. Kowane zare kansa shuɗi ne sosai, tsakiyarsa ta koɗe, gindinsa ya koma kusan fari. Wata macen da ta zubar. Gumsu ba ta da wata kabar, kuma ba ta iya zama, sai ta hau ɗinki da ita a haka a kusurwar aji, mutane na ta koke-koken gonakin shinkafarsu. Da faifan ya kammala, matan da suka leƙo suka kewaye shi suna kallo. Launin yana tasowa da ƙarfi daga cibiya, yana raguwa zagaye bayan zagaye, kamar shatin da ruwa ke bari a jikin bango idan yana janyewa. Wata tsohuwa ta riƙe shi ta fashe da kuka, ta ce bangon ɗakinta ne.

Bayan an koma gida Gumsu ta shafe kusan shekara tana neman yadda za ta maimaita da gangan abin da ruwa ya yi da ganganci. Ta lalata kaba ba adadi. A ƙarshe ta gano sirrin, ruwan toka da 'yar kanwa, da tsoma gindin damin kaɗan kaɗan, kowace rana a ɗaga shi sama da faɗin yatsu biyu. Ita kaɗai ke wannan jiƙo a bayan ɗakinta. Idan ya yi, ta raba biyu, ta miƙa wa ƙanwarta rabi ta kafar danga. Ba ta ɓoye mata ba, 'Yar'azumi ce ba ta taɓa tambaya ba, tunda ga shi yana zuwa mata a shirye. Su biyu suke ɗinkawa, dillalai su kwashe zuwa kasuwar Haɗeja. Faifan ba shi da suna a lokacin, sai dai a ce mai ruwa-ruwan nan na Tudun Ari.

To, Badamasi yana da rediyo, kuma duk Alhamis bayan la'asar akwai wani shiri da wani gidan rediyo a Haɗeja ke yi, sunansa Yadda Nake Yi. Wata yarinya mai suna Mardiyya ce ke gabatarwa. Takan zaunar da marubuta littattafai da mawaƙa da masu zane da masassaƙa, ta tambaye su yadda abin ke zo musu, da inda suka faro, da abin da ke ba su wahala. Gumsu ba ta wasa da wannan shiri. Tana ɗinki tana ba su amsa. Wani marubuci ya ce shi sai ya sha shayi kofi uku kafin alƙalaminsa ya motsa, ta ce ashe shayin ne marubucin. Wani mai zane ya ce launi yana yi masa magana, ta taɓe baki ta ce ita nata launin ba ya magana, aiki yake yi. Badamasi yana gyaran komarsa ta kamun kifi yana dariya.

Abin da Badamasi bai sani ba shi ne, shekara biyu ke nan Gumsu tana hira da Mardiyya a zuciyarta. Ta tsara komai. Ta san inda za ta fara, daga basillar Iya, ta san inda za ta ɗan yi shiru idan ta zo kan tsohuwar da ta yi kuka. Har dariyar da za ta yi idan aka tambaye ta shekarunta ta tanada. Ba kuɗi take so ba, ba kuma kujerar Makka ba. So take a ce sau ɗaya, a cikin akwatin nan da ake ji har Malam Madori, wannan abu Gumsu ce ta fito da shi.

Wata Litinin da hantsi, farkon damina, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Wata siririyar yarinya mai tabarau ta yi sallama, da faifai a hannunta. Tun kafin ta faɗi sunanta Gumsu ta gane muryar.

"Mama, sunana Mardiyya, daga gidan rediyo nake. Na sayi wannan a kasuwa, na yi ta tambaya har aka ce gidan nan ne. Ina so mu yi hira da ke a shirinmu."

Gumsu ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi, ta yi abin da aka koya mata.

"Wai ni? Haba 'yar nan, ni me na iya? Ai wasan hannu ne kawai na zaman gida. Ga ƙanwata nan 'Yar'azumi a maƙota, ita ma tana yi, ta ma fi ni."

Ta faɗa, ta zauna tana jiran tayi na biyu. Amsarsa ma tana bakinta.

Mardiyya kuwa a birni ta tashi, kuma a makaranta an koya mata cewa ba a matsa wa wanda ba ya so a ɗauki muryarsa. Ga hadari yana haɗuwa ta gabas, mai babur yana ta danna ham, ya ce idan ruwa ya sauka ba za su fita ba sai jibi. Sai ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"Ba komai Mama, ba zan takura miki ba. Na gode ƙwarai. Ta ina ne gidan nata?"

Da hannunta Gumsu ta nuna mata kafar danga.

Ko a nan ba ta yarda an gama ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, ta sa kwalli, ta dawo ta zauna a kan tabarma tana fuskantar danga. A lissafinta, 'Yar'azumi za ta ce a'a ita ma, ta ce ai yayata ce mai abin, a dawo a sake roƙonta, sai ta taso a hankali kamar ba ta so. Abin da ta jiyo ta cikin danga shi ne dariyar Mardiyya, da muryar ƙanwarta tana hawa tana sauka. Kusan awa guda. Daga nan babur ya tashi, ruwa ya sauko, Gumsu ta kwashe kabarta ta shiga ɗaki da atamfar biki a jikinta.

Ranar Alhamis gari kaf ya kunna rediyo. Ya kamata a yi wa 'Yar'azumi adalci, da farko ta faɗi gaskiya, ta ce sana'ar gidansu ce, ta ambaci Iya. Amma da Mardiyya ta tambaye ta yadda aka samo wannan launi, sai labarin ya ɗauke ta. Ta ce damin kabarta ne ya kwana uku a ruwa. Ta kwatanta warin ajin, da kukan jarirai, da yadda ta zauna a kusurwa tana ɗinki don kada ta haukace. Da ta zo kan tsohuwar da ta ga bangon ɗakinta, sai da muryar Mardiyya ta yi rawa.

Gumsu tana zaune, basilla a hannu, ba ta soka ko sau ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ba ƙaryar ba ce. Labarin ya yi daɗi. Ya fi wanda ta shekara biyu tana tsarawa daɗi, nesa ba kusa ba. Ita da abin ya faru a kanta sai da ta ji ƙwalla ta taru mata, ta kuma ji haushin ƙwallar. Kishi ne ya kama ta, tsagwaronsa, irin wanda ke sa mutum ya ji ɗacin yawunsa.

Badamasi ya rage murya ya ce, "To ke me ya hana ki cewa e?"

"Malam, sau ɗaya fa ta tambaya."

"Ai su can sau ɗaya suke tambaya."

Ba ta sake yi masa magana ba ranar.

Kafin wata ya zagayo faifan ya samu suna. Dillalai suna sauka daga mota suna tambayar gidan da ake faifan 'Yar'azumi. Iyayen amare daga Haɗeja suna aiko a ɗinka musu faifan 'Yar'azumi na jere. Wata mata ta tsaya a tsakar gidan Gumsu, ta ɗaga wanda Gumsu ta gama jiya, ta juya shi ta ce, "Kai, sannu, kin kusa kamo ta." Gumsu ta ce Allah ya sa.

Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Ta dai samo ƙaya ta toshe kafar danga, ta ce awaki ne ke damunta. Da jiƙo ya yi, ba ta raba ba. 'Yar'azumi ta zagayo ta ƙofa ta tambaya, Gumsu ta ce mata wannan karon bai yi yawa ba. Ta sake zuwa, Gumsu ta ce toka ce ta yi wuya. Daga nan sai Gumsu ta riƙa jiyo motsin tukwane a bayan danga, ta gane ƙanwarta tana gwadawa da kanta. Ta leƙa ta wata 'yar ɓula ta ga abin da aka shanya, wani launi kamar ruwan wankin kwano. Ta ji daɗi, kuma ba ta nemi gafarar jin daɗin ba.

Bayan kaka sai saƙo ya zo. Masu sauraro sun dami gidan rediyo da waya, suna so a faɗi yadda ake jiƙon dalla-dalla, don haka Mardiyya za ta dawo ranar Asabar. Ran Juma'a da safe 'Yar'azumi ta yi sallama, ta durƙusa a gefen tabarma kamar lokacin da take yarinya.

"Ya Gumsu, na yi miki laifi. Wallahi ban tashi da niyya ba. Abin ɗaukar maganar nan ne da yarinyar ta kafa mini a baki, na fara magana na rasa inda zan tsaya. Tun ranar ba na iya kallon idonki."

Gumsu ta ci gaba da ɗinki.

"Ki zo gobe ki zauna kusa da ni. Zan gyara, a gaban kowa zan gyara. Ki bar ni dai in faɗa da bakina."

"Zan zo," in ji Gumsu. Ba ta ɗago ba.

Ta kwana tana juya maganar. Wadda ta iya mayar da labarin wani nata a gaban duniya, me zai hana ta iya gyaran da zai ƙara mata farin jini? Za ta ce yayata ma tana taimaka mini, a tafa mata, a ce ga mai kirki. Gumsu ta ga kanta a zaune a gefe kamar 'yar rakiyar amarya.

Ranar Asabar tsakar gidan 'Yar'azumi ya cika da mata, har da na ƙauyukan kusa. Mardiyya ta kunna na'urarta, ta yi gaisuwa, ta ce masu sauraro suna son sanin kwana nawa ake jiƙa kabar, kuma da me. 'Yar'azumi ta dubi gefenta, inda Gumsu ke zaune.

"Kafin in amsa, akwai abin da nake so in faɗa. Ga yayata nan zaune, wadda..."

"Ba ta sani ba."

Gumsu ce. Ita kanta ba ta san muryarta tana da wannan kaifin ba.

"Ba ta taɓa jiƙa kaba ba tunda aka haife ta. Ni nake jiƙawa in ba ta. Damin da ya kwana a ruwa nawa ne, mijina ne ya ciro shi. Labarin da ta ba ku sata ta yi. Ni na goya ta, ni na koya mata riƙon basilla, ta tashi ta sace mini."

Mace ta yabi kanta a bainar jama'a, wannan kaɗai ya isa abin magana a Tudun Ari na shekara guda. Balle ta kira ƙanwarta ciki ɗaya ɓarauniya a gaban baƙuwa, a cikin gidan mijin ƙanwar, surukarta na zaune. 'Yar'azumi ba ta musa ba. Bakinta yana buɗe a kan maganar da ba ta ƙarasa ba, sai ta rufe shi, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Mardiyya ta rasa yadda za ta yi, sai ta juyo da na'urar wajen Gumsu. Ga abin da Gumsu ta shekara biyu tana jira, a tafin hannunta. Ta nemi basillar Iya a ranta, ta nemi dariyar da ta tanada, babu ko ɗaya. Idonta yana kan labulen. Aka tambaye ta yadda take ji idan tana ɗinki, ta ce lafiya lau. Aka tambaye ta jiƙo, ta zayyana shi tsaf kamar mai karanta takardar magani, toka kaza, kanwa kaza, yatsu biyu kowace rana, kwana shida.

Mardiyya tana da hankali, ta yanke maganar sata kafin ta sa a iska. Abin da ya rage bai kai minti bakwai ba. An faɗi sunanta, Gumsu Badamasi, sau biyu, kuma Mardiyya ta bayyana cewa ita ce ta fara wannan launi. Gumsu ta saurara ita kaɗai, domin Badamasi ya ce yana da aiki a bakin kogi. Ta kasa kunne ko za ta ji rediyo ta bayan danga, ba ta ji ba. Sauran lokacin shirin wani mai sassaƙa turmi aka ba.

Wanda ya ji shirin farko bai manta ba, wanda ya ji na biyu kuwa toka da kanwa ya riƙe. Kafin damina ta dawo, mata a Malam Madori da ƙauyukan Haɗeja sun iya jiƙon, wasu ma har da ja da kore. 'Yar'azumi ta bar ɗinki gaba ɗaya, ta koma suyar kifi a bakin tasha, inda aka ce layi ake yi don hirarta. Suna gaisawa da Gumsu a wurin suna da wurin mutuwa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar yara. Gumsu ta cire ƙayar da ta toshe kafar danga tun tuni. Ciyawa ta fito a wurin.

Har yanzu tana ɗinki, kuma har yanzu nata ya fi na kowa, wanda ya san faifai yana gani zai gane. Ba ta fasa jin shirin Alhamis ba, sai dai ta daina ba su amsa. Kwanan baya wani sabon dillali ya yi sallama a ƙofar gidanta, saurayi ne daga Haɗeja, bai san kowa a garin ba.

"Mama, an ce a nan ake samun na asali. Kina da faifan 'Yar'azumi?"

Gumsu ta daɗe tana kallon wanda ke kan cinyarta, saura zagaye biyu ta kai baki.

"Akwai," ta ce. "Guda nawa kake so?"